Filin Makaɗa: In sayo fiyano ta intanet ko in je shago?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne a Samaru da ke Zariya, ina kiɗan biki, wani lokaci kuma ina haɗa wa masu waƙa kiɗa a ɗakina. Yamaha PSR-E463 nake aiki da shi, kuma ya fara yi mini kaɗan. Na yi adashe na kwasa, ina so in koma PSR-SX600, ko SX700 in hali ya yi. Na tambaya a wani shago a Sabon Gari, suka ce babu a ƙasa, sai dai su yi mini oda. Na samu a Kano amma kuɗin ya yi sama. Ana cikin haka na gani a wani shafin saye da sayarwa, wani mutum a Legas yana sayar da SX700 kusan a kuɗin da aka yi mini SX600 a Kano. Ya ce sabo ne dal a kwali, in tura kuɗi ya sa mini a mota. Abokaina sun rabu biyu, wasu na cewa in yi sauri kada wani ya riga ni, wasu na cewa in yi hattara. Mene ne shawararka?
Daga wani makaɗi, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa kuɗin albarka. Kada ka tura wa mutumin nan ko sisi tukuna. Zan zo kan dalili, amma bari mu fara da fiyanon da ke ɗakinka, domin "ya yi mini kaɗan" magana ce da nake yawan ji a teburina na gyaran fiyano da ke Tudun Wada, kuma ba kowa ne ke iya faɗin inda ya yi masa kaɗan ɗin ba. Wani sifikarsa ce ta mutu, wani kuma abokinsa ya gani da babban fiyano ransa ya biya.

Kai dai ina jin na san inda takalmin ke matsa maka. E463 sauti 48 kawai yake iya fitarwa a lokaci guda, shi ya sa in ka kunna sitayil (kiɗan rakiya da fiyano ke yi da kansa) mai cika ka ɗora hannu biyu sai ka ji wasu sautukan suna yankewa. Kowane sitayil nasa juyi biyu ne, A da B, alhali amarya ba ta shigowa fili da irin kiɗan da aka yi wa ƙawaye. Babbar matsalar kuma, ba za ka iya zama ka gina naka sitayil a cikinsa ba, sai dai ka loda wanda wani ya yi, shi ma guda goma ne iyakarsa. Ga ramin fitar da sauti guda ɗaya tal, shi ne na abin sawa a kunne, shi ne kuma za ka ja zuwa miksa. In waɗannan ne suka dame ka, to lallai lokacin canji ya yi.

SX600, wanda ya fito a 2020, ya warware duk wannan. Sauti 128 yake ɗauka, sitayil ɗinsa juyi huɗu ne, yana da Style Creator inda za ka shirya kiɗanka tun daga ganga har bes, yana da ramin makirufo, da ramukan fita biyu na hagu da dama. Abin da ya fi muhimmanci a wurinmu kuwa shi ne wurin ajiyar ƙarin sautuka. Kamfanin ba don bikin Hausawa ya ƙera na'urar ba, ba za ka buɗe ta ka tarar da kalangu da kotso da mandiri yadda kunnenmu ya saba ba. Sai an ɗauki sautin an shirya shi a kwamfuta da manhajar Yamaha Expansion Manager, sannan a zuba ta filas. Kalangu kuma ba bugu ɗaya ba ne, ganga ce mai magana, tana hawa tana sauka gwargwadon matsar tsarkiya, don haka mai son ta fito da kyau sai ya ɗauki bugu iri-iri, kowanne kuma yana cin wuri. SX600 yana da megabait 100 na wannan aiki, SX700 yana da 400, SX900 kuwa gigabait guda. Nan ne ainihin bambancin kuɗin yake, ba a ƙyalƙyalin allo ba, ko da yake allon SX700 mai inci 7 da ake taɓawa da yatsa yana sauƙaƙa gyaran sitayil ƙwarai.

Ga mai kiɗan biki, ni a ganina SX600 ya wadatar. Nauyinsa kilo 8 da ɗan ɗoriya, SX700 kuwa kilo 11 da rabi, kuma wanda ya taɓa rungumar fiyano a bayan acaɓa daga Samaru zuwa Kofar Doka ya san kilo uku ba wasa ba ne. In aikin ɗaki ne ya fi yawa, kana tara sautuka na mawaƙa daban-daban, sai ka daure ka kai ga SX700. Kada kuma ka raina na hannu. PSR-S970 na 2015 yana da megabait 512, ya ninka na SX600 sau biyar. In ka samu mai tsabta a hannun wanda ka sani, ba abin kunya ba ne.

Wani zai ce maka ka koma Korg, Pa700 ko Pa1000. Na'urori ne masu kyau, gangunansu ma suna da nauyi a kunne. Sai dai tun shekarun 1990 sutudiyoyin Kano suka kama jerin PSR na Yamaha, har aka wayi gari yawancin sitayil da sautukan da makaɗa ke tura wa juna a WhatsApp nasa ne, masu gyara ma shi suka fi sani. Sitayil ɗin Yamaha ba ya hawa Korg kai tsaye. Wanda ya sauya gida zai fara tara kayansa daga farko, shi kaɗai.

To, mu koma kan mutuminka na Legas.

Ka fara sanin cewa "intanet" ba wuri ɗaya ba ne. Shafi irin Jiji ko kasuwar Facebook allon talla ne kawai: mai kaya ya liƙa hoto, kai ka kira shi, abin da ya biyo baya tsakaninku ne. Su kansu masu irin waɗannan shafuka suna gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya. Irin su Jumia da Konga kuwa kuɗi ta hannunsu yake bi, kuma suna da ƙa'idar mayar da kaya, ko da yake yawancin masu sayarwa a ciki 'yan kasuwa ne masu zaman kansu, sai ka duba wane ne mai kayan da abin da masu saye suka ce a kansa. Akwai kuma manyan shagunan kayan kiɗa na Legas masu shafinsu da adireshinsu, waɗanda in ka aika mutum zai tarar da su a zaune. Naka mutumin yana rukunin farko, wato wanda in ya kashe waya shi ke nan.

Sai farashin. Ba na rubuta kuɗin fiyano a wannan fili, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin waɗannan kaya ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. Amma tazarar da ke tsakanin SX600 da SX700 ba ta ɓacewa, a Legas ne ko a Dubai. Gaskiya ne SX700 na 2019 ne, kuma SX720 ya fito a 2024 ya gaje shi, don haka mai tsohon kaya a sito zai iya yin ragi don ya rabu da shi. Ragi daban, faɗowa har kuɗin ƙaninsa daban. Ɗan kasuwar Alaba, babbar kasuwar kayan lantarki ta Legas, bai jahilci abin da ke hannunsa ba, ya fi ni da kai sanin kuɗinsa. In ya karya shi haka, ɗaya cikin uku ne: ko babu fiyanon sam, hoton wani ya ɗauko, ko na hannu ne aka goge aka mayar kwali, ko kuma akwai ciwon da ba ya fitowa a hoto. Araha ba ta ado.

A ce ma mutumin kirki ne, fiyanon kuma lafiyayye. Saura hanya. Fiye da kilomita 800 ne daga Legas zuwa nan, kuma yaran mota ba su san bambancin kwalin fiyano da kwalin taliya ba. An taɓa kawo mini wani babban fiyano da ya iso tasha allonsa a tsage, an ɗora masa buhu a but. Mai shi ya kira wanda ya sayar masa, ya ce shi lafiya ya ba da shi, ga ma bidiyo. Ya koma wurin direba, direba ya ce shi kwali aka ba shi, kwali ya kawo. Kowa ya yi gaskiya, mai fiyano ne ya biya kuɗin allo, bayan ya yi wata da watanni yana jiran a samo shi. Allon waɗannan na'urori ba irin na waya ba ne da za ka shiga shagunan PZ a nan Zariya ka fito da shi a aljihu.

Amma kada ka ɗauka ina wanke masu shago ne. Shagon da ya ce zai yi maka oda, daga Legas ɗin nan zai ɗauko, wataƙila ma ta waya zai yi cinikin kamar yadda kai za ka yi, ya ɗora ribarsa. Wasu kuma da baki suke ba da garanti, ranar da ka dawo da matsala sai a ce wutar gidanku ce ta ƙona shi. Abin da kake saye da ƙarin kuɗin nan abu biyu ne: haɗarin hanya ya koma wuyansa, kuma kana da ƙofar da za ka je ka tsaya, da shugaban 'yan kasuwa da za ka kai ƙara in ta kai ga haka. In mai shago bai yarda da waɗannan biyun ba, ƙarin kuɗinsa ba shi da dalili. Don haka in oda za a yi, ku yi magana a fili: kafin alƙalami kaɗan za ka bayar, cikon sai kaya ya iso ka gwada ka gamsu, in kuma ya zo da aibi nasa ne. A rubuta a rasidi, da sunan na'urar, da lambar siriyal da ke ƙarƙashinta, da tsawon garantin, da abin da garantin ya ƙunsa. Wanda ya ce "haba, ai mun zama ɗaya, ba sai an rubuta ba", ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Ni da kuɗin a hannuna yake, mota zan shiga da sassafe in tafi Kano, ko Kaduna da ba ta wuce kimanin kilomita 80 ba, in zaga shago uku ko huɗu, in nuna musu farashin da na gani a waya ba tare da jin nauyi ba. Ba za su sauko har can ba, amma suna saukowa, musamman in sun ga kuɗi a hannu. In kuma Legas ɗin ce dole, sai ka nemi ɗan'uwa a can, akwai mutanenmu da yawa a Agege da Idi-Araba. Ya je shagon da ƙafarsa, ya kira ka ta bidiyo, ka ga lambar siriyal, ka ji sautin, sannan ka tura kuɗi, shi kuma ya tsaya a kan ɗaurin kayan har a sa a mota. Mai kayan da ya fara kawo uzuri da zarar ka ce za ka turo mutum, ya riga ya ba ka amsa.

Gwaji kuwa ba a yin sa a tsaye cikin minti biyar, mai shago na yi maka surutu. Ka tafi da abin sawa a kunne naka, da filas mai sitayil ɗinka, da wayar jek. Ka zaɓi sautin fiyano zalla ka bi madannai 61 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, farare da baƙaƙe, kowanne ka taɓa shi a hankali sannan ka buga da ƙarfi. Wanda ya yi tsawa alhali a hankali ka taɓa shi, ko ya yi shiru sai ka danne, robar da ke ƙarƙashinsa ta gaji ko ƙura ta shiga. Gyaran wannan ba shi da wuya, amma shaida ce cewa na'urar ta sha aiki, ba sabuwa ba ce. Ka bi maɓallai su ma, musamman na Registration, masu dawo da saitin da ka ajiye, da na juyin sitayil da na farawa da tsayawa, su ne ke fara mutuwa a hannun 'yan biki. Abin lanƙwasa sauti, wanda da shi muke kwaikwayon algaita, ka ja shi ka saki ka ji ko sautin ya koma daidai inda yake. Ka ƙure ƙara da sitayil mai bes ka saurari sifikun ko suna kakkarwa. Ka gwada ramukan fita biyun daban-daban. Ka juya shi ka dubi kan sukurori, wanda aka taɓa kwancewa ba ya ɓuya. Sannan ka bar shi a kunne kamar rabin awa kuna hira, domin wani ciwon sai na'ura ta ɗumama yake tashi.

Ka dubi adafta da kyau. PA-300C ce ke zuwa da waɗannan, mai bolt 16, kuma jabunta sun cika kasuwa. Sau da yawa fiyanon na gaske ne, adaftar ce aka musanya. Da irin wutarmu mai hawa da sauka, da janareton gidan biki da ake haɗa masa fitilu da firji, jabun adafta ita ce hanya mafi kusa zuwa teburina. Ka ware kuɗin sitabilaiza da jaka mai kauri tun kafin ka fara ciniki, kada ka zuba komai a kan fiyano ka dawo gida ba ko mayafin da za ka rufe shi lokacin hunturu.

In na hannu ka saya kuma mai shi ya ce "cike yake da sautukan Hausa", ka karɓi fayilolin a filas kafin ku rabu. Duk ranar da ka zuba sabon kunshin sautuka, na ciki gaba ɗaya yake sharewa, ba ƙari yake yi a kai ba. Mutane da yawa sun yi asarar kalangun da saboda shi suka sayi fiyanon.

E463 ɗinka kuma kada ka sayar, sai in kuɗin ba za su cika ba sai da shi. Yana aiki da batir shida, SX600 da SX700 ba sa yi. Ranar da janareto ya mutu amarya tana tsakiyar fili, shi zai fitar da kai kunya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni dattijo ne a wata majami'a a Wusasa. Mun tara baiko domin saya wa mawaƙanmu sabon fiyano. Ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da ke Ingila ya ce can ya fi araha, zai saya ta intanet ya aiko. Wani kuma yana Amurka, shi ma ya ce zai iya. Yaya ka gani?
Daga wani dattijo, Wusasa.

AMSA: Baba, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka. In dai tsakanin biyun ne, na Ingila ya fi sauƙi. Wutarsu bolt 230 ce kamar tamu, filoginsu ma mai ƙafa uku irin namu ne. Amurka bolt 120 suke amfani da shi, don haka duk abin da ya fito daga can sai an karanta jikin adaftar. In an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. In 120 kaɗai aka rubuta, kada a kusantar da ita da soket ɗinmu.

Sai dai ku yi lissafin har ƙarshe kafin ku ce ya fi araha. Akwai kuɗin jigila, akwai kuɗin kwastam, akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, sannan a ɗauko shi daga Legas ko Abuja ko Kano zuwa nan. In kuma yaron ne zai riƙo shi a jirgi, fiyano irin SX700 tsawonsa ya ɗan haura mita guda tun ba a sa shi a kwali ba, yawancin kamfanonin jirgi kuma suna cajin kuɗi daban a kan kayan da suka wuce ƙa'idar girma. Ya tambaye su tun kafin ya saya. Garantin da aka bayar a can kuma galibi a can yake aiki, in ya lalace a Wusasa ba wanda zai mayar da shi Landan. Tun da kuɗin jama'a ne, ni na fi son abin da za ku je ku uku ku gani, ku karɓo rasidi ku ajiye a fayil. Yaran su turo kuɗin, ku saya a nan.

Wata tambayar da ya kamata ku yi wa shugaban mawaƙa: kuna da mai ganga da mai bes? In kuna da su, rabin kuɗin irin wannan fiyano na kiɗan da yake yi da kansa ne, ku kuma ba za ku kunna shi ba. Gara ku nemi mai madannai 76 ko 88, mai kyakkyawan sautin fiyano da ogan, ragowar kuɗin ku gyara sifiku.

TAMBAYA: Malam, ƙanena nake so in saya wa ƙaramin fiyano ya koya. Na ga wani a Facebook ya ce kayan gwanjon kwastam ne, rabin kuɗi, amma sai na fara tura kuɗin mota da na fito da kaya.
Daga wata baiwar Allah, Kofar Gayan.

AMSA: Hajiya, ki riƙe kuɗinki. In kin tura na mota, gobe za a ce an tsare kaya a hanya sai an ƙara, jibi a ce direba ya yi haɗari, har ranar da lambar za ta daina shiga. Mai koyo ba ya buƙatar abin da sai an aiko daga nesa. Irin su PSR-E373, ko Casio mai madannai 61 da ke jin ƙarfin bugu, ana samun su a shagunan Sabon Gari, sabo da na hannu. Ki tafi da wanda ya iya kiɗa ya gwada miki kamar yadda na bayyana a sama, kuma ki tabbatar an haɗa miki da adaftarsa ta asali da abin ɗora littafi kafin ki biya.